Malami Da Almajiri A Zamanin Na'ura



Ya 'yan'uwa masu karanta wannan fili, ina so in ɗan yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shiga kowane gida a ƙasar nan ba tare da ya yi sallama ba, watau wannan juyi na na'urorin zamani, da abin da ya jawo wa ilmi da malamai. Masana tarihi sun ce duniya ta ga irin wannan juyi sau da dama. Na farko shi ne na injin tururi, wanda ya tashi a Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 18. Daga nan sai na lantarki, sa'an nan na kwamfuta. Wanda muke ciki yanzu kuwa shi ne wanda ya ƙulla kome da kome da intanet, har ta kai ga mutum ya tambayi na'ura ta ba shi amsa kamar yana magana da ɗan'uwansa. Tambayar da ke damun yawancinmu malamai ita ce, in na'ura tana karantarwa kuma tana amsa tambaya, ina matsayin malami? Ku kuma iyaye, 'yan kasuwa da ma'aikata, da ke biyan kuɗin makaranta kuna kuma sayen wayoyin, tambayar ta shafe ku fiye da kowa, don 'ya'yanku ne a tsakiya.

Ni dai da allo na fara, a zauren wani malami a unguwarmu. Na shiga firamare a shekarar 1976, lokacin da gwamnati ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, na wuce kwalejin horon malamai, na kuma yi shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli da safe, da yamma ina Islamiyya. Abin da zan faɗa a nan abin da idona ya gani ne a waɗannan wurare, da abin da muka ji daga magabata.

BA YAU AKA FARA BA

Lalle wanda ya san tarihin ilmi a ƙasar Hausa ba zai firgita da sabon kayan aiki ba. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo littafi da hannu ake kwafarsa, a kan takardar da fatake ke ratso hamada da ita daga Tarabulus. Ɗalibi yakan yi watanni yana kwafar littafi ɗaya, in ya gama ya kai wa malaminsa a gwada da na asali. Da Nana Asma'u ta ga matan karkara ba su iya zuwa Sakkwato neman karatu, sai ta tsara karatun cikin waƙe don ya yi sauƙin hardacewa, ta naɗa jajis, watau dattawan mata amintattu, ta ɗora musu malfa, su ke kai karatun ƙauyuka wurin 'yan taru. Wannan shi ne karatu daga nesa tun ba a san waya ba. Abin lura a nan shi ne ba ta aika da waƙar ita kaɗai ba, sai da ta haɗa ta da mutumin da ta horar, ta kuma yarda da shi.

Da littattafan ɗab'i suka fara shigowa daga Masar ta hannun alhazai da 'yan kasuwa, an sami malaman da suka ɗari-ɗari da su, musamman a kan Alƙur'ani, domin idon almajiri ya saba da rubutunmu na gida da ruwayar Warshu. Ba a daɗe ba sai aka sami mafita, masu ɗab'i suka riƙa ɗaukar hoton rubutun gwanayen marubutan Kano suna bugawa, ya zamana littafin na inji ne, hannun kuwa namu ne. A ɓangaren boko ma haka, an fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, littattafan Hausa suka yawaita, aka yi yaƙi da jahilci a shekarun 1950.

Sa'an nan rediyo ya zo. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 Rediyon Kaduna ya riƙa watsa tafsirin da marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ke yi a Masallacin Sarkin Musulmi Bello, daga baya wasu gidajen rediyo suka bi sahu da nasu malaman, har ya zama azumi ba ya cika a gidajenmu sai da muryar mai tafsiri da ta mai jan baƙi. Bayansa kaset ya shigo, direban babbar mota ya sami malami a hanyar Legas, matar aure ta sami nata a tsakar gida. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai an yi fargabar zaure zai mutu, ga shi kuwa har yau ana buɗe Ahalari da Risala bayan sallar Asuba. Abin da ya faru shi ne malaman da suka karɓi sabon abin suka sarrafa shi, muryarsu ta yi nisa. Waɗanda suka juya masa baya, sai wasu suka yi magana a madadinsu.

ABIN DA NA'URA TA ZO DA SHI NA ALHERI

Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, kuma cikin 'yan shekaru ta tashi daga abin kira ta koma laburare. Ina tuna sa'ad da muke ɗalibai, Fatahul Bari ɗaya ne a unguwarmu, a gidan wani alƙali, sai ka yi alwala ka sa rigarka mai kyau kafin ka je roƙon a bar ka ka duba. Yau akwai manhajar da ake kira Maktaba Shamila wadda ta tattara dubban littattafan Larabci kyauta, mutum ya rubuta kalma ɗaya ta fito masa da duk inda ta zo kafin ya ƙifta ido. Yaro a Funtuwa yana iya sauraron ƙira'ar manyan makarantan Masar da Madina sau ɗari, ba wanda zai ce ya gaji da maimaita masa. Wannan ni'ima ce, kuma wanda ya musa ta bai yi adalci ba.

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a duk faɗin ƙasar nan, mun ga amfanin abin ido da ido. Jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. Akwai wani abokin aikina, dattijo mai shekara kusan saba'in, wanda a da ko saƙo ba ya iya turawa. Da ya ga hadda za ta zube wa yaransa, sai ya zaunar da jikansa ya koya masa WhatsApp. Kullum bayan Azahar yara su karanta shafinsu su turo masa ta wayoyin iyayensu mata, shi kuma ya saurara ya mayar da gyara da muryarsa, yana kiran kowane yaro da sunansa. Da aka koma makaranta, ajinsa ne kaɗai ba a sake wa karatu daga baya ba. Na tambaye shi yadda ya daure wa jika ya zama malaminsa, sai ya yi dariya ya ce, “Malam, ai gemu ba ya hana ilmi.”

INDA GIZO KE SAƘA

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Matsala ta farko ita ce rabon bai zo daidai ba. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta a 2015, hukumar WAEC ma ta fara gwada haka ga masu zana jarrabawa daga waje a 2024. Na san wani yaro ɗan ƙauye, haziƙi ƙwarai a lissafi, wanda ranar jarrabawa ce ranar farko da ya taɓa kwamfuta a rayuwarsa. Kafin ya gane yadda ake juya ɗan linzamin nan a zaɓi amsa, rabin lokaci ya tafi. Ilmi yana kansa, hanyar fitar da shi ce ba a koya masa ba. Ɗan birni da bai kai shi ƙoƙari ba ya wuce, shi kuwa ya koma gona. Irin wannan asara ba a jin ƙararta, amma al'umma ce ke biya.

Matsala ta biyu ta fi ta farko haɗari, don ta shafi addini kai tsaye. Tun daga watan Nuwamba na 2022, da wani kamfanin Amurka ya saki manhajar ChatGPT, abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ya shiga aljihun kowa. Ya kamata mu fahimci yadda wannan abu yake aiki. An cusa masa rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ya koyi wace kalma ta fi dacewa ta biyo bayan wace, shi ya sa maganarsa ke fita sumul kamar ta masani. Sai dai ba shi da malami, ba shi da tsoron Allah, ba ya kuma jin kunyar ya faɗi abin da babu shi. In ya rasa amsa yakan ƙera ta, har ya jingina ta ga littafi da lambar shafi. Bugu da ƙari, abin da ya karanta na Hausa kaɗan ne in aka gwada da na Turanci, don haka kuskurensa a harshenmu ya fi yawa.

Wata rana wani ɗalibina mai himma ya zo mini da wata magana a wayarsa, wai hadisi ne, ga sunan littafi ga lamba. Lafazin ya yi daɗin ji, har ya riga ya tura wa abokansa. Ban ce masa ƙarya ne ba, sai na ɗauko littafin na miƙa masa, na ce mu nemo tare. Muka duba lambar, wani hadisi ne daban a kan wani babi daban. Muka bi babin da ya kamata a same shi, babu. Muka koma manhajar littattafai muka bincika da lafazin, babu ko mai kama da shi. Yaron nan ya yi shiru, can ya ce, “Malam, mutum nawa na tura wa ke nan?” Darasin da ya koya a wannan yammaci ya fi na wata guda, kuma ba na'ura ce za ta koya masa shi ba.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. Baƙo ba ya shigowa Kwari ko Kurmi ya ce a ba shi kaya bashi don kawai ya iya magana, sai an tambayi wane ne shi, ɗan wane ne, wa ya tsaya masa. Ku ma ma'aikata, takardar da ba ta da sa hannu da hatimi ba ku aiki da ita, kome kyawun Turancinta. To, haka malaman Musulunci suka ɗauki ilmi tun farko. Shi ya sa suka kafa isnadi, suka ƙididdige masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, suka san mai gaskiya da mai mantuwa. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya. Shehu Usmanu ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Me zai sa mu, da muka gaji wannan tsantseni, mu karɓi fatawa daga abin da ba shi da suna ba shi da asali?

Matsala ta uku ita ce ta dandalin sada zumunta irin su Facebook da TikTok. Waɗannan kamfanoni da talla suke samun kuɗi, talla kuwa tana bin inda ido ya daɗe. Saboda haka an tsara su ne su riƙa tura wa mutum abin da zai riƙe shi, abin da ya fi riƙe mutane kuwa shi ne faɗa da raddi da ban dariya. Malami ya yi karatun sa'a biyu cikin natsuwa ba mai kallo, wani ya yanko rabin minti daga tsakiya, ya yar da sharaɗin da ke gaba da bayanin da ke baya, kafin gari ya waye an raba kan unguwa. Yanzu ma har ana iya kwaikwayon muryar mutum da na'ura a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗi ba. Yaron da ya tashi a kan irin waɗannan guntaye yakan san saɓanin malamai kafin ya san farillan alwala.

AIKIN DA YA RAGE WA MALAMI

A ganina aikin malami bai ragu ba, wuri ya sauya. A da malami shi ne rijiyar gari, in ba a je wurinsa ba babu ruwa. Yau ruwa ya yi ambaliya, mai kyau da gurɓatacce sun gauraya, abin da ake bukata shi ne wanda zai koya wa yaro tacewa.

Da farko, malami ne ke riƙe da tsari. Magabatanmu ba su fara wa yaro da Muhtasar ba. Sai ya bi ta Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, kowane littafi yana share wa na gaba hanya. Waya ba ta san wannan ba, za ta miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu mas'alar da manyan malamai ke tsoron taɓawa. Malami ne zai ce masa, “Ajiye wannan tukuna, ba ka kai ba.”

Na biyu, akwai ilmin da ba ya shiga sai baki da baki. Ƙira'a tana cikinsa. Almajiranmu na tsangaya da Warshu suke karatu, yawancin manhajojin waya kuwa Hafsu ne, yaron da ba shi da mai nuna masa sai ya cakuɗa ruwayoyin biyu bai sani ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986 ta fitar da gwanaye masu yawa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu, in ka tambaye shi, zai ambaci malamin da ya durƙusa a gabansa yana gyara masa harafi.

Na uku shi ne tarbiyya. Yaro yana koyon yadda ake zama da yadda ake sauraro daga kallon malaminsa. Yana ganin ranar da aka tambayi malam abin da bai sani ba ya ce sai ya duba, ya gane cewa wannan ba abin kunya ba ne. Malami ne ke lura yau fuskar wane ta sauya, ya ja shi gefe ya gano bai karya kumallo ba, ko kuwa gidansu ba lafiya.

Amma don malami ya iya wannan aiki, tilas ne ya san abin da ke hannun ɗalibinsa. Wanda bai taɓa shiga kogi ba ba zai nuna wa wani inda zurfi yake ba. Ya kamata kowane malami, na boko da na Islamiyya, ya iya bincike a waya, ya gwada waɗannan manhajoji da kansa, ya san inda suke daidai da inda suke tuntuɓe. Ya kuma sauya yadda yake auna ɗalibai. Aikin gida da na'ura za ta iya rubutawa cikin minti ɗaya ya daina nuna ƙwazon kowa. Sai a koma ga abin da zaure ya sani tun da can, a tsai da yaro a ce ya biya, ya fassara, ya faɗi inda ya samo, a yi masa tambaya a kan tambaya har a ga iyakar fahimtarsa.

KIRA GA IYAYE DA MASU HALI

Ya ku 'yan kasuwa, Allah ya hore muku, kuma an san ku da gina masallatai, Allah ya saka da alheri. Ina roƙonku ku dubi makarantun unguwanninku. Kwamfuta goma da na'urar hasken rana a Islamiyya ko firamaren ƙauye sadaka ce mai gudana, za ta hana a maimaita labarin yaron nan na jarrabawa. Amma kafin ku sayi na'ura ku tambayi nawa ake biyan malamin da zai koyar da ita. Malamin da ke tunanin abin da za a ɗora a murhu ba zai sayi data don ya ƙaro ilmi ba.

Ku kuma ma'aikata, musamman na ma'aikatun ilmi, amana ce a wuyanku. Na taɓa koyarwa a wata makaranta da aka kawo wa kwamfutoci, aka yi biki aka ɗauki hoto, sa'an nan aka kulle su a ɗaki, ba wuta, ba wanda aka horar, har ƙura da ɓeraye suka gama da su. A fara da horar da malami da samar da wuta, sa'an nan a kawo kaya. A kuma tuna da malaman tsangaya da na Islamiyya in za a shirya bita, domin miliyoyin yaranmu a hannunsu suke.

Iyaye kuwa gaba ɗaya, kada mu miƙa wa yaro waya mu juya baya. Mu san abin da yake kallo, mu sa masa lokaci, in ya zo da wata magana ta addini mu tambaye shi wa ya faɗa, a wane littafi, sa'an nan mu tura shi wurin malamin da muka sani muka san malamansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kanmu mu kiyaye yatsunmu, kada mu tura abin da ba mu tabbatar ba don kawai an ce wanda ya tura zai sami lada.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da haƙuri, ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya tsare su daga wanda ba shi da amfani. Amin.